Jar Mota da Gonar Bakin Gida

Kurna, Kano
Watan Mayu

Zuwa ga kakana Malam Abdulmumin, Zangon Marke, ta hanyar Minjibir.

Assalamu alaikum, Tsoho mai ran ƙarfe. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma tuwon da matan maƙwabta ke aiko maka kai kake ci, ba kaji ba. Umma da ƙanwata Tahira suna gaishe ka. Na kira wayarka har na gaji, ina ta "Tsoho, Tsoho", kai kuma kana ta "wa ke nan, wa ke nan". Shi ya sa na nemo biro, zan ba Mika'ilu direban bas ya miƙa maka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna ya fi sabawa da latsa waya.

Magana ce babba ke tafe da ni. Na ga mota. Ba irin ta Mika'ilu ba da sai fasinja sun sauka sun tura. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, kwance take da ƙasa kamar ƙadangare, in ta yi gurnani duk layi sai an leƙo. 'Yar Kwatano ce, amma ko ƙwarzane babu a jikinta. Mai ita abokin marigayi Abba ne tun suna fataucin shanu tare, ya ce zai yi min sauƙi.

Na san za ka ce ina ɗan shekara sha takwas ya ga kuɗin mota. Tsoho, sa'o'ina suna hawa. Wani babansa ne ya saya masa da ya gama sakandare, wani yana biya kaɗan-kaɗan, wani kuma filin gadonsa ya sayar. Kuma ba zaman banza take yi ba, ana hayarta a rakiyar amarya da ɗaukar bidiyo, ita za ta ciyar da kanta kafin in samu gurbi a jami'a.

Ni hanyata ita ce gonar bakin gidanka, wadda ta faɗo a rabona da aka raba gadon Abba. Wani mai yanka fulotai ya je ya gani ya yaba, ya ce kuɗin zai sayi motar har a samu canji. Abin da ya rage ka yarda, ka kira mai unguwa ya shaida. Na faɗa wa Umma tana ɗinki, ba ta ce komai ba, keken kawai ta ci gaba da takawa. Ka ga ke nan ta yarda.

Don Allah kada ka kawo min zancen abin da babba ya hango da yaron da ya hau rimi, na haddace shi. Ka duba ribarka kawai. Duk Juma'a ina ƙofar gidanka, in kai ka masallaci, in kai ka ganin likita, mu zauna mu yi ta musu har la'asar. Yanzu fa sai Salla kake ganina.

Ka huta lafiya. Ni ne jikanka kuma maigidanka,
Zaharaddini

*

Kurna, Kano
Watan Mayu

Zuwa ga Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙushe ina gaishe ka, ina tambayar ƙarfin jiki da zaman gida. Ka gafarce ni da na rubuto. Bai dace suruka ta tsaya wa surukinta da doguwar magana ba, amma abin ya fi ƙarfina, kuma ba ni da wanda zan kai wa sai kai.

Na san jikanka ya rubuto maka a kan gona da mota, kuma na san zai ce na yarda. Baba, ban yarda ba. Ka san ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zaunar da shi na ce yi kaza bar kaza ba. Da marigayi yana raye shi ke yi masa faɗa, ni sai dai in aiki ƙanwarsa ta ce masa abinci na nan. Ranar da ya tsaya a kaina yana ba ni labarin motar, zare ya tsinke ban ma lura ba, ina ta taka keke. Daga baya na aiki Tahira ta ce masa ba na so. Ya yi dariya, ya ce ita ta ƙirƙira, baƙin ciki take don motar ba ta da kujerar da za ta zauna.

Yaran da ke da irin motocin nan ina ganinsu ranar biki. Juya su suke a tsakiyar titi har taya ta yi hayaƙi, 'yan kallo suna tafi. Ɗan maƙwabcinmu da sanda yake tafiya yanzu, uwarsa ita ke kai shi bayan gida. Gonar kuma ita kaɗai ce abin da ubansa ya bar masa wanda ba ya tsufa. In ta tafi, motar ta lalace, da me zai tashi?

Yana jin maganarka. Don Allah ka ce a'a, ka rufe zancen. Kada ka ce masa na rubuto.

Na ba Mika'ilu dambun nama da man zafi ya kawo maka. Allah ya bar mana kai.

'Yarka,
Juwairiyya

*

Zangon Marke
Ƙarshen Mayu

Zuwa ga abokin faɗana Zaharaddini.

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da mutan gida. Ni lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafa tana nan da halinta, kunne kuma ya yi ritaya kamar mai shi. Tuwo ni nake ci, amma kajin kakarka Indo suna taya ni, don tun da ta rasu su ne kaɗai ke shigowa ɗakina ba sallama.

Takardarka ta iso. Na karanta ta a bakin zaure da rana tsaka, don ta fi ƙarfin hasken ɗaki. Da a ajina ka yi wannan rubutu lokacin ina koyarwa, da ka share filin makaranta. Amma na gane abin da kake nufi.

Ba zan kawo maka zancen rimi ba. A zamaninmu ma samari sun yi haukar abin hawa. In aka sayar da gyaɗa, saurayi zai sayo keke, ya ɗaura masa madubai da furannin roba, ya zo dandali ya saki hannu a gaban 'yan mata. Ni ma na saki, tabon yana gwiwata har yau, in ka zo zan nuna maka. Don haka ban ga baƙon abu a cikin son da kake wa jar motarka ba. Abu ɗaya na lura da shi. Kekenmu daga buhun gyaɗa ya fito, gonar tana nan, baɗi ta sake ba da wani buhun. Kai kuma uwar kake son kaiwa kasuwa.

Duk da haka gona taka ce. Amana ce a hannuna, kuma ranar da mai amana ya girma ya ce a ba shi kayansa, ba ni da ta cewa. Zan kira mai unguwa, zan zauna a yi shaida. Wannan alkawari ne.

Sai dai akwai hanzari. Gonar da iri a cikinta, an yi binne. In zaman birni ya mantar da kai, binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari, ya kwanta yana jiran sama. Gero ne a ciki da dawa kaura. A garin nan ba a cinikin gona da iri a ƙasa. Mai unguwa ba zai taka ƙafarsa ba sai an yanke dawa an kwashe kara, kuma ka san kaura ba ta gaggawa, sai sanyi ya fara shigowa. Ka gaya wa mai fulotan ya naɗe igiyar awonsa zuwa lokacin.

Kafin nan, in mai motar zai yarda, ka kawo ta in gani. Na ji ƙofa biyu, na ji kujera biyu, na ji ƙadangare. Gani ya kori ji, balle ni da jin ma ya ƙaurace min.

Maganar maigida kuma, ka bari sai ka fara cefane.

Haza wassalam. Kakanka,
Abdulmumin

*

Zangon Marke
Ƙarshen Mayu

Zuwa ga 'yata Juwairiyya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara, Allah ya yi muku albarka. Dambun ya iso, ya yi daidai da haƙoran da suka rage. Kada ki ƙara neman gafara don kin rubuto min. Tun da mijinki ya rasu ke ce ɗana a gidan nan.

Takardarki da tasa rana ɗaya Mika'ilu ya kawo su. Washegari da sassafe na sa aka nemo min masu sungumi aka yi binne a gonar. Maƙwabta suka tsaya a bakin hanya suna kallo, wai Malam ya hango hadarin da ba su gani ba. In ruwa ya yi jinkiri, ko ya yi yayyafi ya ɗauke, irin zai lalace, na sani. Na yarda da wannan asarar. Na rubuta masa cewa ba ciniki sai an kwashe kara, kuma gaskiya na faɗa masa, ranar shukar ce kawai bai tambaya ba.

Amma ki yi haƙuri, ba zan ce masa a'a ba. Haƙƙinsa ne, ya balaga, yana da hankalinsa, kuma ba na so in tsaya gaban Allah da gonar maraya a wuyana. Ko da ma na ce a'a ɗin, ni kakansa ne. Tun yana rarrafe yake ja min gemu ina ce masa ɓarawon goro. In na ɗaure fuska yau zai ɗauka sabon wasa na ƙirƙiro. Kuma kada in ɓoye miki, ya ce in ya sayi motar duk Juma'a zai zo, maganar nan ta shige ni. Tsohon da ke wayar gari ya kai dare bai ji sallamar nasa ba, ba alƙalin kirki ba ne a wannan shari'a.

Damina ɗaya na samo mana, iyakar ƙarfina ke nan. Yaron nan ya ɗauki shirunki a matsayin yarda, kuma ba wanda zai warware masa wannan sai mai shirun. Na san nauyin abin, ni ma na ɗauke shi a kan mijinki, shi ne ɗana na fari. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba. Na ce ki ajiye ta sau ɗaya, ki faɗi abin da ke ranki, ki sake ɗauka.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya. Babanki,
Abdulmumin

*

Kurna, Kano
Watan Yuli

Zuwa ga Baba, Allah ya ja da ranka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da damina. Mika'ilu ya ce ruwa ya sauka a kan binnenka, shuka ta fito ba gurbi, har masu dariya sun koma tambayarka yadda ka sani. Alhamdu lillahi.

Baba, na ji maganarka, kuma na san gaskiya ce. Amma mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan babban yayanmu ba, "wancan" take cewa, kuma ba mu taɓa ganin ya rasa komai ba. In gwaggonninsa suka ji na zaunar da shi ina kama sunansa, cewa za su yi zaman birni ya cire min kunya.

Na gwada. Ran nan ya shigo yana cin abinci a tsakar gida, Tahira ta tafi Islamiyya, daga ni sai shi. Na tsaya a bayansa na shirya maganar tsaf. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "A rufe ƙofar nan saboda ƙuda." Ya tashi ya rufe, ya koma kan abincinsa.

Hoton motar yana kan wayarsa, yana kan bangon ɗakinsa. Ka taya ni da addu'a. Dawa ba ta yi kai ba tukuna, ko?

'Yarka,
Juwairiyya

*

Kurna, Kano
Watan Agusta

Tsoho, assalamu alaikum. Gaisuwa da ban girma, duk da ba ka cancanci ban girman ba.

Ka iya wayo. Na zauna gaban mota kusa da Mika'ilu ran nan, yana ba fasinja labarin wani malami a garinsu da ya yi binne ana tsakar zafi kowa na yi masa dariya. Na ce wace rana ce. Ya ce washegarin ranar da ya kai maka takardata. Shi ke nan, ka ci ni ɗaya da nema. Amma dawa dai dole a yanke ta, kuma alkawarinka yana aljihuna da rubutun hannunka mai kyan nan.

Jar tana nan ba a saye ta ba. Na yi lasisi, kuma Alhajin mai motar ya yarda in ɗauko ta Juma'a mai zuwa in wuni da ita, saboda darajar Abba. Ka sa a wanke maka babbar riga. Ka sha maganin ƙafarka da wuri, kada ka ba ni kunya a gaban jama'a.

Umma lafiyarta ƙalau, sai dai kwanan nan ta cika sa ni rufe ƙofa.

Maigidanka,
Zaharaddini

*

Zangon Marke
Watan Satumba

Zuwa ga 'yata Juwairiyya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na ga ya kamata ki ji yadda ta kaya ranar Juma'ar nan daga bakina, tunda na san shi ba zai ba ki labari ba.

Hanyarmu ba ta karɓi motar ba. Amalanken shanu sun ci gefe da gefe sun bar tudu a tsakiya, ita kuma cikinta a ƙasa yake. Sai ya bar ta a bakin kwalta ya tako da ƙafa, aka ɗora ni a amalanken maƙwabcina da babbar rigata, shi yana tafe a gefe yana riƙe min sanda. Rabin garin suka biyo mu. Shiga cikinta ma aiki ne. Mutum biyu suka kama ni suka zura ni ƙasa, na ce su yi a hankali, su ɗauka gwaji suke na ranar da za su yi na gaske. Mai unguwa ya ce in daina irin wannan magana, amma shi ya fi kowa dariya.

Juwairiyya, ba zan yi miki ƙarya ba, na ji daɗi. Kunnen nan nawa da kiran salla ma sai na kalli inuwa, ya ji kukan motar nan. Ta ƙashin bayana na ji shi yana hawowa har wuya. Gero ya yi kai dama da hagu, sai na ga duk ya haɗe ya zama kore ɗaya yana gudu baya. Iska ta cire min hula ya cafe ta da hannu ɗaya. Na yi dariyar da ban yi ba tun rasuwar Indo, har hawaye. A raina na ce, in haka abin yake, a ba yaro motarsa.

Kuma ya iya tuƙi. Ya rage gudu saboda jaki, ya tsaya wa wasu mata masu ɗauke da ƙwaryar nono suka tsallaka, yana yi yana duba ni ko na gaji. Muka yi salla a Minjibir, ya riƙe ni har sahu.

Da muka fito ne abin ya canza. Samari sun kewaye motar a bakin tasha, suna shafa ta, suna ɗaga wayoyi. Da ya tayar sai suka hau fito da tafi, wani yana buga bayanta yana cewa a nuna musu aiki. Ina kallon fuskarsa. Ban san wannan fuskar ba. Ƙafarsa ta nutse, motar ta zabura ta juya a wuri ɗaya, ƙasa ta tashi ta rufe mu. Da ta lafa sai ga wata yarinya mai tallan dafaffiyar gyaɗa zaune a cikin kwata, farantinta a tsakiyar titi. Tsalle ta yi ta kauce. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba ta yi ba, kuka kawai take saboda gyaɗar.

Ya fita ya ɗago ta, ya biya gyaɗar, ya ba uwarta haƙuri. Da ya dawo ya zauna, bai tayar da motar nan take ba. Ya rubuta min a tafin hannunsa da biro, don kada ya ɗaga murya a ji: "Kada ka gaya wa Umma." Na ce masa, me zai dame ta, ba ka ce ta yarda ba? Sai ya murɗa makulli ya tayar da motar. Har muka iso bakin kwalta tafiyar amalanke ya yi da ni. Ban yi masa alkawarin yin shiru ba, shi ya sa kike karanta wannan.

Ga abin da na gani. Motar ba ta da laifi, an ƙera ta ne don gudu kuma tana yi. Shi ma ba mugun yaro ba ne. Amma ƙafar ɗan sha takwas tafin 'yan kallo take bi, kuma irin wannan mota duk inda ta tsaya 'yan kallo ne. Wataƙila nan da wasu shekaru, da kuɗin guminsa, ta dace da shi. Na gaya masa haka a hanya, ya ce tsoro ne ya kama ni, in na huce zan nemi a sake zagayawa da ni. Kin ga abin da nake faɗa miki game da kaka da jika.

An fara yankan gero, ya yi kyau ƙwarai. Dawa ta fitar da kai. Mai fulotai ya sake zuwa yana taka iyaka yana nuna wa yaransa inda titi zai bi, ta kan ɗorawar da nake zama ƙarƙashinta. In aka kwashe kara zan kira mai unguwa, don na riga na faɗa.

Allah ya yi mana zaɓi. Babanki,
Abdulmumin

*

Kurna, Kano
Watan Nuwamba

Zuwa ga kakana.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan sanyin nan bai taɓa ƙafar ba. Yau ban zo da tsokana ba, ka karanta a hankali.

Shekaranjiya da hantsi ina goge takalmi a tsakar gida, zan fita wurin mai fulotai mu tsayar da ranar zuwa garinku, tunda na ji an fara yankan dawa. Sai na ji an ce, "Zaharaddini." Ban waiga ba. Na ɗauka wata maƙwabciya ce ta shigo, don muryar na san ta, amma ban san ta da wannan sunan ba. Aka sake faɗa. Tahira tana wanke-wanke, sai na ji kwano ya faɗi daga hannunta.

Umma ce. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, idonta a ƙasa kamar ita ta yi laifi. Kuma cikakken sunan ta faɗa, a hankali, ba Dini da kowa ke ce min ba.

Ta ce, "Ba na so ka sayar da gonar ubanka, kuma ba na son motar nan. Taka ce, in ka sayar ba zan yi maka baki ba. Amma kada ka ƙara gaya wa kowa na yarda."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta koma ɗaki ta hau taka keke. Tahira ta leƙa ta dawo ta ce min babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allurar.

Ban fita ba ranar. Na zauna da takalmi ɗaya a hannu har azahar. Tsoho, ni duk shekarun nan na ɗauka Tahira ce 'yarta, ni kuwa ɗan Abba ne da aka bar mata riƙo. Na san ana kunyar ɗan fari, kowa ya sani, amma ban taɓa zaton akwai magana a bayan shirun ba. Har yanzu ba ta haɗa ido da ni ba, ni ma na kasa. Jiya ta zuba min nama ya fi na kullum, ta ba Tahira ta miƙo min.

Na san da hannunka a ciki, kuma na san ka gaya mata zancen mai gyaɗa. Zan rama, ba yau ba.

Kada ka yi saurin murna. Motar har yanzu ina sonta, jiya ma na bi ta wurin na tsaya ina kallonta. Ka dakata da kiran mai unguwa. Ban ce a fasa ba, ban ce a yi ba. Ka bar ni in yi tunani.

Jikanka,
Zaharaddini

*

Zangon Marke
Watan Janairu

Zuwa ga 'yata Juwairiyya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, ni lafiya lau.

An yanke dawa, an kwashe kara, gonar ta zama fili fetal. Kullum ina bakin zaure ina jiran in ga wanda zai fara zuwa. Jiya da hantsi wata a-kori-kura ta shigo ta sauke taki tsibi-tsibi daga wannan iyaka zuwa waccan. Na aika a tambayi direban wa ya aiko shi, ya ce wani dogon yaro ne daga Kurna. Da yamma mai fulotai ya zo wucewa, ya ga tsibin, bai ko sauka daga babur ba. Ya san mai niyyar sayarwa ba ya zuba wa gona taki.

Sai dai an cuci yaron. Sharar birni aka haɗa masa, rabinta leda. Ki gaya masa, ke da kanki, ya zo ya tsince kafin iska ta watsa ta gonakin mutane, ni bayana ba ya sunkuyawa. Ya taho da kayan sawa, aikin ba na wuni ɗaya ba ne.

Allah ya yi miki albarka. Wassalam.

Babanki,
Abdulmumin